Garin shayi na gida: yadda ake haɗa shi da lokacin da ya dace a sha

 

Dari ya shigo Damargu. Daga Tanut har Belbeji, duk wanda ya fito da asuba ya san abin da muke nufi. Iskar arewa tana busowa da ƙura, leɓe yana tsagewa, hannu ba ya son taɓa ruwa. A irin wannan safiya rai ba ya son komai sai abu mai zafi. Shi ya sa teburin mai shayi yake cika tun rana ba ta fito ba, ko a tashar Tanut, ko a kasuwar Bakin Birji, ko a Gangara.

Shayi iri biyu muke sha a ƙasar nan. Akwai na kore, wanda ake dafawa a ƴar buta bisa gawayi, a sha shi sau uku a ƙananan kofuna, wani lokaci da cuku a gefe. Wannan kowa ya san shi, kuma Abzinawa da Fulani ba su bukatar jarida ta koya musu dafa shi. Akwai kuma baƙin shayi, wanda ake sha a babban kofi da madara da sukari, a sa masa citta da kanumfari. A kan wannan na biyu za mu yi magana yau. Ba mu kaɗai muke son shayi mai kayan ƙamshi da madara ba. A ƙasar Indiya shi ne abin shan kowa, safe da yamma. Yanzu kuma kamfanoni suna haɗa shi a ƴan ledoji, shayi da madara da sukari wuri ɗaya, mutum ya yage ya zuba a ruwan zafi. Mu kuwa muna cewa uwargida tana iya haɗa nata da turmi da taɓarya, ya fi araha, kuma ta san abin da ke ciki.

Kayan nesa, kuɗin gida

Babu itacen shayi ko ɗaya a Damargu. A zamanin ayari ya fara zuwa mana, ta hanyar da ta taso daga Tarabulus, ta bi ta Gat da Abzin, ta ratsa ƙasarmu zuwa Damagaram da Kano. Mutanen ayari suna sayen geronmu, suna sauke kayan arewa. A lokacin shayi abin sarakuna ne da attajirai. Yau kuwa ya shiga kowace bukka.

Na kore daga ƙasar Sin yake zuwa. Baƙi kuma ana noma shi a Indiya da Kenya da Siri Lanka, har da tsaunin Mambila a jihar Taraba ta Najeriya. Citta ba ta yi a wurinmu, domin tana son ruwan sama mai yawa, mu kuwa damina tamu gajera ce. Yawancin wadda muke gani a kasuwa daga kudancin jihar Kaduna take fitowa, wajen Kaciya da Kafancan. Kanumfari daga Zanzibar da Madagaskar da Indunusiya. Kimba da masoro daga dazuzzukan kudu. Ke nan kofi ɗaya na shayi ya tara ƙasashe da yawa, amma kuɗin da ake biya daga rumbunmu yake fita.

Abin da aka sayo daga nesa, farashinsa ba a hannunmu yake ba. Dattawa suna tune da watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Sukari da shayi da madarar gwangwani duk suka yi tsalle. A 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna, ta ruɓar da amfani mai yawa, citta ta yi tsada ko'ina. A shekarar ce kuma aka rufe iyakar Nijar da Najeriya, daga watan Agusta har zuwa Maris na 2024. Masu cefane ba su manta ba.

To, bari mu yi ɗan lissafi, tun da mun koyi lissafi a aji. A ce mai gida yana kashe dala ashirin kowace safiya a kan shayi. Cikin wata guda ya kashe jika 3. Cikin shekara ya haura jika 36. Kowa ya tambayi kansa tiya nawa ta gero wannan kuɗi zai saya a kaka. Ba muna cewa a ƙaurace wa mai shayi ba ne. Sana'arsa ce, kuma matafiyi da ɗan kasuwa ba su da kamarsa. Amma wanda yake gida, da iyali, haɗin gida ya fi masa.

Gwangwani biyu, ba ɗaya ba

Mun fara da kuskure, kuma gara mu faɗa muku shi. Karo na farko da muka gwada, mun zuba komai wuri ɗaya: ganyen shayi, kayan ƙamshi, madara da sukari, muka cika babban gwangwani. Lokacin damina ne. Ba a daɗe ba garin ya sha laima ya dunƙule kamar dutse, ya fara warin tsohon mai. Haka muka zubar da shi, da kuɗinmu da wahalar daka. Daga nan muka gane cewa ganyen shayi da kayan ƙamshi suna daɗewa, madara kuwa ba ta da haƙuri. Idan aka haɗa mai daɗewa da mai saurin ɓaci, duka ake asara. Saboda haka gwangwani biyu za a tanada.

Na farko shi ne na shayi da kayan ƙamshi. Ga ma'aunin da muka tsaya a kansa, da ƙaramin cokali, wato cokalin shayi, a shafe ba da tozo ba. Garin busasshiyar citta cokali 6. Garin kirfa cokali 3. Kanumfari cokali 1. Masoro cokali 1. Kimba cokali 1. Jimla cokali 12 ke nan. Wannan shi za a gauraya da baƙin shayi giram 100. Nauyin yana rubuce a jikin kwali, sai a duba. Wannan haɗi zai ba da kofi kusan 50. Wanda ba ya son zafi ya rage masoro. Wanda bai samu kirfa ba ya bar ta, shayinsa ba zai ɓaci ba. Amma kada a ƙara kanumfari. Ƙarfinsa ya fi girmansa, in ya yi yawa sai ya danne sauran, harshe ya yi nauyi.

Aikin yana farawa tun daga kasuwa. In za ku sayi citta, ku karya guda ku duba cikinta. Mai kyau tana da haske a ciki, ƙamshinta yana bugun hanci. Wadda ta yi baƙi-baƙi, ko ƙwaro ya huda ta, ko tana warin fumfuna, a bar wa mai ita, ko da ya rage kuɗi. Araha ba ta ado. Fumfuna tana barin dafi a cikin abinci, irin wanda ke lalata hanta, kuma tafasa ba ta kashe shi. Kanumfari mai kyau yana da kansa, in an danna shi da farce sai ya nuna ɗan maiƙo. Gara a sayi kayan da ba a daka ba, domin wanda aka riga aka daka ba a san abin da aka ƙara masa ba, kuma ƙamshinsa ya riga ya gudu.

Da an zo gida a tsince, a fitar da tsakuwa da ƙasa. A shanya a faifai yini guda, a rufe da ƙyalle mai tsabta saboda ƙura da kaji. Kanumfari da masoro a ɗan ɗumama su a busasshen kasko, wuta kaɗan, har ƙamshi ya tashi, a sauke kafin su ƙone. Kimba kuwa a fasa ta a zubar da ƴaƴan da ke ciki. Ƙamshin a ɓawo yake, ƴaƴan ɗaci ne kawai. Sannan a daka kowane dabam, domin taurinsu ba ɗaya ba ne. Citta ita ce mai wuya, sai an farfasa ta ƙanana tukuna. A tankaɗe da rariya, tsakin a mayar turmi.

Wata magana ga mata. Turmin da aka daka barkono ko daddawa ba zai yi wannan aiki ba sai an wanke shi ya bushe sarai. In ba haka ba mai gida zai sha shayi mai ɗanɗanon miya. Dabarar da aka sani ita ce a daka ɗan gero a ciki tukuna, ya kwashe warin, a ba kaji.

Ganyen shayin ba ya bukatar daka. In manyan ganye ne a murza shi da hannu kawai. A gauraya shi da garin ƙamshi sosai, a zuba a kwalba ko gwangwani mai murfi. Duk lokacin da za a ɗiba a girgiza, saboda garin yana gangarawa ƙasa ya bar ganye a sama.

Gwangwani na biyu shi ne na madara da sukari. Madarar gari ma'auni 4, sukari ma'auni 1. Ko da kofin shayi aka auna, ko da ludayi, lissafin ɗaya ne: huɗu da ɗaya. In sukarin mai ƙwaya ne a daka shi ya yi laushi. Kada a haɗa abin da ya wuce na mako guda ko biyu. Sauran madarar a bar ta a ledarta, a ɗaure baki.

Wurin ajiya ya zama inuwa, nesa da murhu, nesa da randa. Cokalin ɗiba ya zama busasshe kullum. Kuma muna roƙon ku da babbar murya: kada a sa abin ci a gwangwani ko kwalbar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko maganin fara, ko an wanke ta sau goma. Sai a ɗauki alƙalami a rubuta ranar haɗi a takarda a manna. Ga amfanin karatu a cikin ɗakin girki. Gwangwanin shayi da ƙamshi yana kai wata 3 da ƙarfinsa. Bayan haka ba zai cutar ba in ya zauna a bushe, sai dai ƙamshin ya yi sanyi.

Dafuwa ba ta da wuya. A ɗora ruwa ya tafasa sosai, yana juyawa, aƙalla minti guda. Wannan ya zama tilas a ƙasarmu, inda rijiya take da zurfi, mutane da yawa kuma suna ɗiban ruwan tabki tare da dabbobi. Ga kowane babban kofi a sa cokalin shayi ɗaya mai tozo daga gwangwani na farko. A rage wuta, a bar shi minti 3 zuwa 5. In ya wuce haka sai bauri ya fito. A sauke a tace. Sannan a ɗebi babban cokali 2 masu tozo daga gwangwani na biyu, a dama da ɗan shayin a gindin kofi har gudaji ya mutu, kana a cika. Kada a matsa lemun tsami a shayin da ke da madara, zai tsinke. Ɗanyar citta ma tana tsinka madara in ba a tafasa ta ba tukuna.

Wanda zai tafi kiwo ko fatauci, yana iya haɗa na gwangwanin biyu wuri ɗaya, na kwana bakwai kawai, ya ƙulle a leda. A rani, lokacin da iska ta bushe, ba zai ba shi matsala ba.

Wace madara?

A nan za mu daɗe kaɗan, domin nan ne ake cutar mai saye.

Ba duk farin gari ne madara ba. Madarar gari ta gaskiya nonon saniya ne aka busar, da mansa a ciki. Amma akwai wata wadda ta cika kasuwannin Afirka ta Yamma. A ƙasashen Turai ake cire man shanun daga nono, a sayar da shi da tsada, sannan a zuba man kwakwar manja da aka tace a madadinsa, a busar a aiko mana. Tana zuwa a manyan buhuna na kilo 25, ƴan kasuwa su ƙulla ta a ƙananan ledoji ba suna ba rubutu. Ta fi araha, shi ya sa take tafiya. Ba guba ba ce, amma ba daidai take da cikakken nono ba, kuma bai kamata a biya ta da kuɗin cikakken nono ba. Akwai kuma wani farin gari da ake yi don shayi kawai, yawancinsa mai ne da sukari, abin gina jiki a cikinsa kaɗan ne ƙwarai.

Yaya za a bambanta? Da karatu. In an rubuta "lait entier" a jikin leda ko gwangwani, cikakkiyar madara ce. In an ga "matière grasse végétale", ko haruffa uku MGV, to man itace ne aka sa. Ku kwafe waɗannan kalmomi a littafinku, ku tafi da su kasuwa. Kayan da suka fito daga Najeriya da Ingilishi ake rubuta su, sai a nuna wa malamin aji. A duba kuma ranar da wa'adinta zai ƙare. Wadda aka ƙulla ba rubutu, a shinshina ta, a dama kaɗan a ruwa a tafasa. In ta yi kauri kamar koko, an gauraya ta da gari.

Abin mamaki shi ne mu da muke zaune cikin dabbobi muke sayen nonon Turai. Arewacin Tanut, wajen Tenhiya, da ƙasar Tarka ta Belbeji, ƙasar kiwo ce: shanu, raƙuma, awaki, tumaki. Da damina nono yana yawa har a rasa yadda za a yi da shi, sai mata su mai da shi cuku. Saboda irin wannan ne ƙungiyoyin makiyaya na ƙasashen yankinmu, har da Nijar, suka fara wani gangami a 2018 na kiran jama'a su sha nonon gida. Ra'ayinmu shi ne gwangwani na biyu na rani ne da bazara. Duk lokacin da akwai madarar saniya ko ta akuya ko ta raƙuma, ita za a sa: rabin kofi shayi, rabin kofi madara, sukari kaɗan.

Sai dai a tafasa ta. Mun san akwai masu cewa tafasa nono yana ɓata hantsar saniya. Wuta da ke murhu ba ta isa garke. Abin da ke isa jikin mutum shi ne cutar da ke cikin ɗanyen nono. Akwai wadda ke sa dabba ɓari, in ta kama mutum sai zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, wata da watanni. Tarin fuka na shanu ma yana bin ɗanyen nono. Tafasa tana kashe su duka biyu.

Manomi kuma yana iya tsawaita kwanakin nono a gidansa. Akuya ɗaya ko biyu da aka tanadar wa harawar wake, da dusar gero, da ƴaƴan gawo, ba za su ƙafe da wuri ba. Yanzu ne lokacin ɗora harawa a kan rumfa, kafin rana da dabbobin sake su gama da ita.

Shayi da jini

Yanzu ga maganar da ta fi duk sauran nauyi. Ko an manta ma'aunin citta, kada a manta wannan.

Jikin mutum yana ƙera jini da wani sinadari da likitoci ke kira sinadarin ƙarfe. Muna samunsa a gero, da wake, da ganyaye irin su zogale da kuka, da nama da hanta. A cikin ganyen shayi kuma akwai abin da ke ba shi bauri, sunansa tanin. In shayi da abinci suka haɗu a ciki, tanin yana kama sinadarin ƙarfen da ke cikin hatsi da wake da ganye, ya hana hanji tsotse shi. Masana sun auna, sun ga kofin shayi da aka sha tare da abinci yana iya rage abin da jiki zai samu da fiye da rabi. Na kore da baƙi duk suna yin haka. Zuba madara ba ya warware matsalar. Na cikin nama da hanta shi ne shayi ba ya iya kamawa sosai, amma gida nawa ne ke cin nama kullum?

Ga abin da ya sa muka damu. Binciken lafiyar iyali da aka yi a duk faɗin Nijar a 2012 ya nuna cewa yara 73 cikin 100, daga wata 6 zuwa shekara 5, suna da ƙarancin jini. Mata masu shekarun haihuwa kuma 46 cikin 100. Ba shayi kaɗai ya kawo wannan ba. Zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki, da ƙarancin abinci, da haihuwa kusa-kusa su ne manya. Amma wanda rijiyarsa ta kusa ƙafewa ba ya barin guga mai yoyo. Mace mai ƙarancin jini tana gajiya da wuri, tana haki in ta ja ruwa, jiri yana ɗibarta, cikin idonta da tafin hannunta su yi fari. In ta zo haihuwa ta zubar da jini, ko kaɗan ne, rayuwarta tana cikin haɗari.

Maganin bai ci ko dala ba. A raba shayi da abinci. A bar aƙalla awa guda bayan an ci kafin a sha. Mun san al'adarmu ita ce da an janye akushi sai a jawo gawayi. To, a ɗan jinkirta. A yi hira, a huta, a yi salla, sannan a ɗora buta. Da safe kuma, in za a sha fura ko koko, a sha, shayin ya biyo baya da hantsi. Abin da ya dace ya raka abinci shi ne mai tsami: lemun tsami, tumatir, garin ƴaƴan kuka. Su suna taimakon jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe.

Mai ciki da aka ba ƙwayar ƙarin jini a wurin awo, ta sha ta da ruwa, ba da shayi ba, ba da madara ba. Kada shayinta ya wuce kofi biyu a yini, kuma mara ƙarfi. A nata haɗin a bar kimba, a rage masoro. Citta kaɗan tana rage tashin zuciya, wannan gaskiya ne.

Jariri kuwa, daga haihuwa har wata 6, ba ya bukatar komai sai nonon uwarsa. Ba ruwa, ba jiƙo, ba shayi. Garin da muka koya muku ba abincin jariri ba ne, ko da ya yi fari kamar nono. Bayan wata 6 a ci gaba da ba shi mama har shekara 2, a ƙara masa kunun gero mai kauri da garin wake ko ƙuli. Muna ganin wata sabuwar ɗabi'a a garuruwa: a ba yaro shayi da guntun burodi a ce ya karya. Cikinsa ya cika da ruwan zaƙi, ya ƙi cin abin da zai gina shi. Ƙaramin yaro in za a ba shi abu mai ɗumi da safe, a ba shi kunu, ko tafasasshiyar madara zalla. Ƴan makaranta da suka yi wayo suna iya shan rabin kofi, bayan sun ci abinci ya faɗa.

Sukari ma yana da iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babban mutum zai sha a yini kada ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, kuma in ya tsaya a cokali 6 ya fi. A ma'auninmu na huɗu da ɗaya, kofi guda yana ɗauke da kamar cokali ɗaya da rabi zuwa biyu. Ku kwatanta da abin da ake zubawa a buta zagaye uku. Kirfa da citta suna sa baki ya ji daɗi ko da zaƙin bai yi yawa ba, shi ya sa mai wannan haɗi yake iya rage sukari ba tare da ya ji an cuce shi ba. Mai ciwon sukari a cire masa madararsa dabam kafin a gauraya. Kada ya yarda da masu cewa kirfa ko kanumfari suna warkar da ciwon, har ya bar maganin likita. Mai ƙwannafi ko gyambon ciki ya bar masoro da kanumfari, kuma kada ya sha da yunwa. Wanda barci ke yi wa wuya ya tsaya daga la'asar.

Abu ɗaya ne cikin kayan shayi da za mu iya shukawa da kanmu, shi ne na'ana'a. Ba ta bukatar gona. Fasasshiyar tukunya, da ƙasa, da ɗan takin awaki sun isa. A samo reshe daga mai garka a dasa, a ajiye inda rana ba ta duka yini, a riƙa zuba mata ruwan alwala ko na wankin hatsi, ban da mai sabulu. In ta yi yawa a yanka a shanya a inuwa, a murza, a ƙara babban cokali 2 a gwangwani na farko.

Mun san kowane gari da irin hannunsa. Akwai masu sa citta mai ƴaƴa, akwai masu sa ciyawar daji mai ƙamshi da makiyaya suka sani. Masu karatunmu na Tarka da Falanko da Ollelewa, ku rubuto mana da hannunku abin da kuke sawa da yadda kuke auna shi, ku ba malamin ajinku ya aiko. Za mu gwada, mu buga a wannan shafi.